Kakanmu da Fuskar da Gara Ta Ci

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kakanmu ya cika ranar wata Laraba da hantsi a ɗakinsa na Maigatari, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Washegari Alhamis ce, ranar da garin ke cika ya batse da shanu da raƙuma da manyan motoci, ranar da ko mai zazzaɓi yakan lallaɓa ya fita kasuwa. Amma a wannan Alhamis sai ga tsofaffin direbobi da dillalai sun bar kara, kasuwar shanu, sun zo sun zube a kan tabarmi a ƙofar gidanmu. Mu mata muna ciki, sai dai katangar gidan Kaka ba ta taɓa iya riƙe magana ba, duk abin da aka faɗa a waje yana shigo mana.

Wani mai motoci daga Gagarawa, mutum da tumbinsa da furfurarsa, ya ce har gobe kunnensa na hagu bai manta marin da marigayin ya sharara masa ba lokacin yana karen motarsa, ranar da ya bar taya ba waigi a kan gangara. Ya ce, "Wallahi marin nan ne ya mai da ni mutum." Wani kuma ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki ne, amma a faɗi gaskiya, akwai taurin kai." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa har sai da liman ya yi gyaran murya. A cikin gida wata tsohuwar Bafulatana wadda ba wanda ya san ta a cikinmu ta shigo ta sauke ƙwaryarta, ta ce tun tana budurwa idan ya gan su a hanya da tallar nono sai ya tsaya ya ce su hau, amma su riƙe ƙwarya da kyau, don duk wanda ya zube a motarsa nasa ne. Ta yi addu'arta rabi da Fulatanci rabi da Hausa, ta ɗauki kayanta ta tafi.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga hirar ba, Gwaggonmu ta Sule Tankarkar. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da carbi a hannu, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ɗaga kai ta amsa, ta mayar. Da mutane suka ɗan sarara bayan azahar, ta yafito ni da hannu.

Ta ce, "Ke, aikin nan da kuke yi da Baffa, ya gama?" Haka take kiran Kaka.

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Gwaggo, ki ba ni zuwa sadakar bakwai."

Ta ce to, ta ci gaba da jan carbinta.

Ni jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, wadda yake kira Amarya tun ina cikin zanen goyo. Mutane sun faɗi halinsa na tasha da na hanya, kuma sun faɗi gaskiya. Ni abin da na sani wanda ba su sani ba shi ne yadda ya ƙarar da shekararsa ta ƙarshe a kan benci a shagona, yana faɗa da ni da kwamfuta a kan fuskar wani mutum da ya rasu tun ba a haifi mahaifina ba. Ina so in rubuta shi tun ban fara mantuwa ba, don na ga abin da mantuwa take yi wa mutum.

Gwaggo ba 'yar cikinsa ba ce, ko da yake in ba gaya maka aka yi ba, ba za ka sani ba. Kaka yana da amini, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, hayin iyaka. Tare suka yi karen mota, tare suka kama tuƙi, mota ɗaya suke karɓa-karɓa, su ɗauko kanwa da dabino daga can, su kai hatsi da goro daga nan. Wata bazara sanƙarau ya ɗauke aminin cikin kwanaki kaɗan, ya bar matarsa da ciki. Ita ma tana yaye yarinyar ta bi shi. Kaka ya tsallaka iyaka ya roƙi dangi, ya ɗauko 'yar a gaban mota ya kawo wa Kakarmu mace, Allah ya jiƙanta. Shi ya hana yarinyar ta kira shi Baba. Ya ce ta ce Baffa, don tana da ubanta, ƙasa ce kawai ta rufe shi.

Gwaggo ta taɓa ba ni labari cewa tana ƙarama takan dame shi da tambaya, wai yaya babanta yake. Sai ya kama hannunta ya kai ta tasha ranar kasuwa, su tsaya a inuwa. In wani dogo ya gifta ya ce, "Kin ga tsawon wancan? To haka." In wani ya zo yana tafiya yana watsa ƙafa ya ce, "Ga tafiyarsa nan." Ta ce haka ta girma tana tsintar ubanta a jikin baƙi, wannan kafaɗa, wancan murya, amma ba ta taɓa haɗa fuska ba. Da ta yi wayo ta ga tambayar tana sa shi yin shiru har dare, sai ta bari.

Bara, bayan damina, aka rushe tsohon gidan su aminin a can ƙauyen. A cikin wani alkuki a bango aka samu hoto, wani daga dangi ya gane Kaka a ciki, ya aiko da shi ta hannun direba.

Ina da ɗan shago a jikin gidanmu a Gumel, ina ɗaukar hoton fasfo, ina buga katin biki da kalanda. Mata sun fi zuwa wurina, don ba sa son namiji ya riƙa ce musu su gyara mayafi. Ranar ina cikin aiki na ji sandarsa a bakin ƙofa.

"Amarya, fito ga angonki, yaran zamani sun kusa kashe miki shi a hanya."

Haka yake duk ranar da ya hau motar haya. Gaba yake zama, tun daga Maigatari har Gumel yana koya wa direba tuƙi. Akwai waɗanda in sun hango shi a tasha sai su ce mota ta cika.

Na ce, "Ai da sun taimake ni, in samu saurayi. Me ka kawo mini?"

Ya zauna, ya sa hannu a aljihun 'yar ciki, ya fito da leda, a cikin ledar hankici, a cikin hankicin hoton. Samari biyu ne a tsaye a gaban babbar mota mai bodin katako. Na hagu Kaka ne, siriri, ya karkata hula, yana harara kamar mai hoton ya zage shi. Na dama dogo ne, ya ɗora hannu a kafaɗar Kaka. Ruwa ya yi wa takardar taswira, ta karye a tsakiya, duk wannan mai sauƙi ne. Amma daga wuyan dogon zuwa ƙasan hularsa gara ta cinye tas, sai 'yan ramuka da ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Kin ga rashin adalcin gara? Ta bar mummunan, ta cinye kyakkyawan."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce an gaya masa yanzu akwai injin da ke mayar da hoton da ya lalace sabo. Ya ce, "Yarinyar nan na ciyar da ita, na tufatar da ita, na aurar da ita inda take so. Abu ɗaya ne ban ba ta ba, fuskar ubanta. Kuma duk duniya a kaina kaɗai ta rage. In na tafi da ita, me zan ce masa?"

Yarinyar da yake faɗa tana da jikoki a lokacin.

Ni kuwa da rawar kai na ce ai wannan aikin shan shayi ne. Na sa hoton a sikana, na ɗora shi a kwamfuta, na goge taswirar ruwan, na ɗinke karayar, na fito da rubutun jikin motar da ya dushe. Sannan na ba manhajar da ke gyaran fuska, ta yi 'yan juye-juyenta ta fito da sakamako. Na juya masa allon ina jiran yabo.

Ya sa tabarau, ya matso. Bai ma kai ga dogon ba ya tsaya a kan kansa. Ya ce, "Ina tsagata?"

Na duba. Manhajar ta ɗauka zanen fuskarsa na gado karcewar takarda ce, ta share shi sumul.

Ya ce, "Wanzamin da ya yi mini wannan, zakara aka ba shi. Ke wa ya ba ki ko ƙwai da za ki goge?"

Na mayar masa da tsagarsa ina ba da haƙuri. Sai ya koma kan dogon. Injin ya cike ramin da wata fuska mai sheƙi, gira kamar an zana, fata kamar ta jariri. Kaka ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ɗan gidan wa ne? Wannan ai bai taɓa canza taya a rana ba." Na ce haka injin yake, yana kintata ne daga dubban fuskokin da ya gani. Ya ce, "To bai ga wannan ba. Ni na gani. Goge, mu fara daga goshi."

Daga nan ya mai da shagona tasha. Duk mako sai ya zo, da cukunsa na Nijar da dabino a leda, wai sadakin Amarya ne yake biya a hankali. Ya zauna a benci, ya jingine sanda, ya tuƙa ni kamar mota. "Ba ta wuta kaɗan, goshin ya fi haka faɗi. Ya isa, birki! Kin wuce, yi ribas." In na yi sauri ya ce mai gaggawa shi ke kwana a garejin makanike. In mata suka zo hoton fasfo sai ya fita waje ya ba su wuri, ya zauna yana gaisawa da duk wanda ya wuce kamar unguwarsu ce. Ya aika wa Gwaggo cewa an samu hoto ana gyarawa, amma kada ta zo, kada ta tambaya, shi zai kai mata da hannunsa. Ita kuwa ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ba ya iya kwatance da baki. In na ce hancin dogo ne ko gajere, sai ya ce, "Hanci ne dai irin na mutanen kirki." Da ya ga ba ma ci gaba, sai ya koma tsohuwar dabararsa ta tasha. Wata rana ya iso yana haki ya ce, "Tashi, na samo kunnen. Yana wurin wani mai sayar da kanwa." Ranar Alhamis na bi shi Maigatari da wayata, muka ratsa layin 'yan kanwa har gaban wani dattijo da ke auna wa mata. Bayan doguwar gaisuwa Kaka ya ce, "Malam, alfarma muka zo nema. Kunnenka muke so mu ɗauka."

Mutumin ya dafe kunnen. Ya ce, "Kunnena kuma, Alhaji? Lafiya?"

Kaka ya ba shi labari a tsaye, bai rage komai ba. Mai kanwa ya ture hularsa baya, ya juyo mini gefen fuskarsa. Ya ce, "In don marainiya ne, 'yata, ɗauki har da wuyan."

Haka muka samo gira a wurin wani mahauci a Gumel, muka samo karan hanci a wurin wani mai faci. Ba liƙa su nake yi kai tsaye ba, kallo nake ina zanawa, shi yana gyara mini, har sai ya ce, "Tsaya nan, shi ne." Tsagar mutanensu kuwa da yatsa ya zana mini a kan allon, layi bayan layi, har yau ban goge shatin yatsan ba. Idanu suka fi daɗewa. Ranar da suka zauna daidai, Kaka ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a hankali, "Kai, ɗan banza, ashe kana nan." Ranar bai koya wa kowa tuƙi ba a hanyar komawa, direban da kansa ya gaya wa maigidana.

Sai muka zo baki, a nan mota ta ƙi tashi. Na zana mai kauri ya ce a'a, na zana siriri ya ce a'a. Muka duba bakin rabin mutanen Gumel. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, shi kuma ina ganin yana ramewa, numfashinsa yana yin sama in ya taka 'yan matakalan shagon. Tsoro ya kama ni, kada ya tafi bai miƙa abin nan ba. Sai na yi dabara. Ina da hoton Gwaggo na bikin ƙanwata, na ɗauki bakinta na ƙara masa faɗi, na zaunar da shi a fuskar. Ya zauna ɗas kamar can aka halicce shi. Na buga babba, na sa a firam, na jingine a kan tebur.

Da ya shigo ya gani, fuskarsa ta washe. Wallahi na ga farin ciki a idonsa, ba zan ce ban gani ba. Ya ɗauka ya kai kusa, ya kai nesa. Sai murmushin ya fara janyewa.

"A ina kika samo bakin nan?"

Na gaya masa.

Ya ajiye firam ɗin a kife. Ya ce, "Madubi za ki kai mata? Wannan bakin kullum tana ganinsa in ta wanke fuska. Kuma ma na uwarta ne."

Raina ya ɓaci, don ni ma jininsa ce, ba a bar ni a baya ba wajen kafiya. Na ce, "Tsoho, kunnen na mai kanwa ne, girar ta mahauci ce. Kama da wane ai ba ta wane. In ƙarya ce, tun daga goshi muka fara ta."

Ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Waɗancan na gani na shaida. In aka tashe ni gaban Allah zan ce haka kunnensa yake. Wannan fa, wa zai shaida? Ke?"

Na ce, "Shekara nawa tana jira? In ka faɗi gobe fa, a ba ta hoto mai rami?"

Ban taɓa yi masa maganar mutuwa da gaske ba sai ranar. Ya dube ni, ya miƙe, ya bar ledar cukun a benci ya fita. Na bi shi da kwanon abinci har bakin titi, ko waiwaye bai yi ba. Har yanzu ban yarda cewa ni kaɗai ce mai laifi a wannan faɗa ba. Tsoron da ya sa na yi abin da na yi, ai ga shi ya tabbata.

Ya yi makonni bai zo ba. Ni ma na ƙi zuwa, mahaifina yana ta yi mini faɗa wai jika ba ta fushi da kaka. Sai wata safiya na ji sandar. Bai kira Amarya daga waje ba, bai zagi direba ba. Ya shigo ya zauna, rigar ta yi masa yawa. Ya ce in buɗe hoton namu da muka yi tare, ba nawa ba. Na buɗe. Ga goshi, ga idanu, ga tsaga, ga hanci, daga nan zuwa haɓa fili.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Amarya, ba taurin kai ba ne. Bakin ne ya ɓace mini."

Na juyo na dube shi.

Ya ce, "Ina jin muryarsa. Yanzu haka ina jin dariyarsa a kunnena, kamar yana bayan motar nan yana ɗaure kaya. Amma in na juya in ga inda take fitowa, sai in ga ba komai. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya, muka kwana a ƙarƙashin mota ɗaya. Kullum ina cewa yana kaina, yana kaina, ashe ni ma gara ta shige ni ban sani ba."

Sai ya ce in ba shi buta zai yi alwala. Hantsi ne, ba lokacin wata salla ba. Na ba shi, ya zagaya bayan shago, ya daɗe yana wanke fuska. Ni kuma na zauna a gaban kwamfutar na yi kukana, don tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Da ya dawo ya ce in adana, zai ƙara tunani, wataƙila in ya yi azumi kansa ya washe. Wannan ne zuwansa Gumel na ƙarshe.

Da ya kwanta ciwo na je Maigatari na yi kwanaki. Gwaggo ce ke jinyarsa, ita ke dama masa kunu, ita ke juya shi. A gabanta ba ya tayar da maganar, ita ma ba ta tayar ba. Sau ɗaya da ta fita ɗebo ruwa ya kamo hannuna, na kai kunne ina zaton wasiyya zai yi a kan hoton. Sai ya ce, "Ki yi takaba da kyau, kada in ji kin kula wani saurayi." Na ce sai dai in ya bar mini gado mai tsoka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai ce in ba ta ba, bai ce kada in ba ta ba, bai ce wanne ba.

Shi ya sa da Gwaggo ta yi mini tambayar nan ranar zaman makoki na roƙi ta ba ni lokaci. Na koma Gumel da hotuna biyu a kwamfuta, ɗaya cikakke mai kyau, ɗaya da fili a inda baki zai zauna. Maigidana ya ce, "Ki ba ta cikakken mana. Wa zai sani? Baiwar Allah ta samu abin ratayawa a ɗaki." Maganarsa ba ta rasa hanya ba, don ni ma da bakina na faɗi irinta. Na buɗe cikakken na rufe ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe na ga ba zan iya miƙa mata abin da ya kife da hannunsa ba. Na buga namu, guda biyu: ɗaya su biyun a gaban mota, ɗaya fuskar kaɗai na ƙara mata girma. Wurin bakin na bar shi da launin tsohuwar takardar, ban yi masa ado ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a an fara raba waina da gumba, na aika a kira mini mahaifina zaure, don bai kamata in kai wa Gwaggo abu irin wannan bai gani ba. Ya zaro na fuskar, ya matsa bakin ƙofa wurin haske. A nan kusa da ƙofar akwai wani tsoho da ya iso da safen daga hayin iyaka, ya makara bai samu labari da wuri ba. Ashe shi ne ƙaramin yaron motarsu a wancan zamani. Ba wanda ya ce masa komai, ba mota a hoton, ba Kaka a ciki. Ya ɗaga kai kawai ya hango takardar a hannun mahaifina.

Sai ya yi salati da ƙarfi, ya kira sunan mahaifin Gwaggo, har da laƙabin da ake kiransa da shi a tasha.

Ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ce, "Shi ne, wallahi shi ne. Ga idon nan. A ina kuka samo shi?"

Mahaifina ya aika aka kira Gwaggo. Ta zo ta tsaya daga cikin zaure, ta ja mayafi, ta gaishe da tsohon ta durƙusa. Aka gaya masa ko wace ce. Ya dube ta, ya dubi takardar. Ni ce na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, bakin ne ya gagare mu. Ko kana tuna yadda yake?"

Ya runtse ido ya yi ta tunani, har na fara sa rai. Sai ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, kar in yi miki ƙarya. Mutumin nan kullum cikin dariya yake. Ban jin akwai wanda ya taɓa ganin bakinsa a rufe balle ya riƙe kamarsa."

Ya miƙa wa Gwaggo hoton. Ta karɓa da hannu biyu. Na matso zan fara bayani, in ce nan muka tsaya, in ce akwai wani cikakke in tana so. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Iya nan Baffa ya ce shi ne?"

Na ce, "Iya nan."

Ta ce, "To ya isa."

Ta zauna a ƙasan zauren, mace mai jikoki, ta ɗora takardar a cinya. Ta bi tsagar da yatsa, ta taɓa kunnen, ta tsaya a kan idanun ta daɗe. Har masu rabon waina suka dakata. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, da irin muryar da ake gaida babba da ita.

Ta ce, "Baba, sannu. Ya haƙuri? Amininka ya taho. Ya riƙe ni, bai gaza ba. In an tambaye ka, ka ce ni na shaida."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, direba ne, mai faɗa ne, mai taurin kai ne, bai iya ƙara ko layi ɗaya a kan abin da bai tabbatar ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da amininsa a inuwar rahamarKa, ya gan shi ido da ido. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.